Shimfiɗar da Kakanku Ya Yi wa Mota

Ranar sunan ɗan da aka haifa wa ɗan'uwanku Habibu ina kishingiɗe a zaure, kuna zaton barci nake yi, na ji ɗayanku yana ba abokansa labarin nan da kuka taso kuna ji a gida. Wai kakanku na Saulawa, mahaifin innarku, da ya ga mota karon farko sai ya ɗauka dabba ce, ya yi mata shimfiɗar ciyawa, ta ƙone masa dawarsa ta shekara. Kuka yi ta dariya har wani yana riƙe ciki. Tuwon ranar bai yi mini daɗi ba. Shi ya sa na ajiye zancen ƙuruciyata da nake rubuta muku tukuna na rubuta wannan, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma cikin waɗanda suka ga abin da idonsu ni kaɗai na rage. An yi shimfiɗa, gaskiya ne. Dawa ta ƙone, gaskiya ne. Amma akwai mutum ɗaya a wurin da ya san abin da zai faru, kuma ba kakanku ba ne.

Ku da kuka buɗe ido kuka ga mota na kwana a kowane lungu ba za ku gane abin da take a idonmu ba. Ni a Kudan na tashi, da jakuna nake kai mazarƙwailar mahaifina kasuwar Makarfi. A lokacin, zamanin Turawa ke nan, in ka ga ƙaramar mota to ta Bature ce ko ta wani babba ƙwarai. Ranar da na fara ganinta kusa da kusa na tsaya baki buɗe har jakuna suka shiga gonar mutane. Abu ba ya cin ciyawa, ba ya haki, ba a dukansa, ga mutum zaune a cikinsa da rigarsa fes, kuma kafin ka gama salati ya ɓace. Na ce a raina, Allah da Ya ba ɗan Adam wannan hikimar, me Ya ɓoye kuma wanda ba mu gani ba? Har yau da na tsufa, in na ji inji ya tashi da safe, sai na ji ragowar wannan mamakin a ƙirjina.

Wanda ya koya mini tuƙi a Zariya wani tsohon soja ne da kowa ke kira Kofur. Ya tuƙa motocin soja a yaƙin Turawa, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji sosai da kuma baki mai zafi. Sai da na yi watanni ina duba ruwa da baƙin mai, ina ƙwanƙwasa tayoyi, ina juya handil, wato ƙarfen da ake sa wa a gaban mota a murɗa don ta tashi, kafin ya bar ni na taɓa sitiyari. A wajensa tafiya ba ita ce tuƙi ba. Kullum cewa yake kowane sakarai na iya sa mota ta tafi, direba shi ne wanda ya san inda zai tsayar da ita. In ka tsaya, ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya, ka sa waigi ya tokare taya ko da ƙasa a shimfiɗe take. Kada ka buɗe lagireto tana da zafi. Abin da ya fi nanatawa kuwa, sai da ya kama hannuna wata rana bayan doguwar tafiya, ya kai shi kusa da salansa, bututun da hayaƙi ke bi a ƙarƙashin mota, har gashin hannuna ya yi ƙauri.

"Ka ji?" ya ce. "Wuta ce a cikinta, ɗan Kudan. Da wuta take tafiya. Kafin ka tsaya, dubi ƙasa. In ka ga busasshiyar ciyawa, ko Gwamna ne ya ce ka tsaya nan, ka wuce gaba."

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji, wannan ne abin da nake so ku riƙe.

Daga hannun Kofur na koma wajen wani attajiri a Makarfi mai fataucin mazarƙwaila da auduga, wanda za mu kira Alhaji kawai. Ya sayi tsohuwar baƙar mota daga wani Bature da zai koma gida. Na so motar nan so mai tsanani, ba na jin kunyar faɗa. Kowace safiya bayan na idar da salla nakan goge ta da tsumma biyu, ɗaya jiƙaƙƙe ɗaya busasshe, in duba ruwanta, in leƙa ƙarƙashinta ko wani abu na ɗiga. Innarku, muna sabon aure a lokacin, takan tsaya bakin ƙofa ta ce in da rabin kular nan ita ake yi wa da ta yi ƙiba. Batirinta ne kawai ya gaji, saboda haka da handil nake tayar da ita.

A shekarar da nake ba ku labari, innarku na ɗauke da cikin fari, na babbar yayarku. Da kaka ta yi aka ce lokaci ya yi da za ta tafi gidansu goyon ciki, a wani ƙauye cikin ƙasar Saulawa, gaba da Ikara. A al'ada mata ne ke raka ta, a kan jaki ko a ƙasa, ni ba ruwana. Amma Alhaji mutumin kirki ne, ya ce mace mai nauyi ba za ta sha wannan tafiyar a kan jaki ba alhali ga mota a ƙofar gida. Ya ce in kai ta da kaina in dawo kafin magariba. Aka aika ƙauye tun ana saura kwana uku cewa ga mu nan tafe, kuma da mota. Gwaggona ta shiga baya tare da innarku, tana ta karanta duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa.

Har Ikara hanya ba laifi. Daga nan sai turbar jakuna da shanu, ga yashi, ga kwazazzabai. Kusan duk a giya ɗaya na yi ta jan ta, injin yana gurnani, zafi na tasowa ta ƙarƙashin ƙafafuna. Manoma suna ajiye lauje suna bin mu da kallo. Wani Bafulatani da shanunsa suka watse ya tsaya da sanda a kafaɗa bai ko bi su ba. Ni kuwa, gaskiya ɗaya ce, kaina ya kumbura. Mota ba ta taɓa shiga ƙauyen nan ba, kuma ni ne zan shigar da ita, a gaban surukaina.

Yanzu sai ku san wane ne kakanku, tunda ba ku riske shi ba. Har yau ban iya kama sunansa, ko a takarda. Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya, kuma ba a yi manomi kamarsa ba a wannan yankin. Da ya ji za a zo da mota, bai zauna ba. Ya taka har kasuwar Ikara ya tambayi waɗanda suka san birni, me mota ke so, me ta ƙi. Aka ce masa ba abin da ke kashe ta kamar ƙaya, in ta soki ƙafarta sai iska ta fita, ta durƙushe. Ƙofar gidansa kuwa akwai aduwa da bagaruwa, ƙaya ko'ina. Sai ya sa aka share gindin durumin da ke ƙofar gida, shi da kansa ya bi yana tsince ƙaya da hannu. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, ya sa aka ɗebo busasshiyar ciyawar da ya tanada don jinka da ƙaiƙayin gero aka shimfiɗa da kauri, ya kai gwiwa, don kada wata ƙayar da ta ɓuya ta cuci kayan mutane a ƙofarsa. Wannan ce shimfiɗar da kuke wa dariya. Mutum ne da ya yi tambaya, aka ba shi rabin sani, ya yi aiki da shi iyakar ƙarfinsa. Taki kaɗan daga wurin kuma ga dammunan dawarsa da aka kwaso daga gona, an jibge su sun fi tsayin mutum, ba a riga an fitar da zakka an zuba a rumbu ba. Abincin gidan ke nan na shekara, gida mai baki fiye da ashirin.

Tun daga nesa na hango ciyawar. Na ji muryar Kofur a kunnena kamar yana zaune kusa da ni. Ga kuma fili fetal can gefen rijiya, ƙasa tsirara, inda ya kamata in tsaya. Amma ga kakanku tsaye cikin farar rigarsa ta Juma'a, duk wanda bai tafi gona ba yana bayansa, yana nuna mini shimfiɗar da sandarsa, fuskarsa cike da farin ciki. Ku 'yan yanzu kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna shan shayi. Mu a lokacinmu in ka hango surukinka a hanya sai ka saki hanyar. Ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci a gabansa, balle ka ce masa a gaban jama'a abin da ya kwana uku yana yi kuskure ne. Na ce a raina, gaisuwa kawai zan yi in fito in matsar da ita, me zai faru cikin ɗan wannan lokaci? Na hau kan ciyawar, na ji tana gogar cikin motar. Na kashe inji, na ja birkin hannu, na bar ta a giya, na fito na sa waigi. Duk dokokin Kofur na cika su, ban da guda ɗayan da ya ƙona mini gashin hannu a kanta.

Mata suka shige da innarku da gwaggo. Ni na tuɓe takalma na durƙusa a zaure, kaina a ƙasa. Kun san gaisuwar ƙauye ba ta da gajeriyar hanya. Ina gajiya, ina mutanen Makarfi, yaya Alhaji, yaya mahaifina a Kudan, yaya aka ji da rani, yaya rake bana. In kakanku ya gama, ƙaninsa ya ɗauka, in ya gama, liman ya ɗauka. Ina amsawa, amma hancina na waje. Ana cikin haka na ji ƙauri. Na san ko mene ne, amma liman bai gama tambayata ba, kuma Allah Ya gani, sai da na ƙarasa amsa masa. Sannan wata mata ta kwarma ihu daga waje.

Da muka fito hayaƙi fari na fitowa ta ƙarƙashin motar daga baya, harshen wuta na lasar ciyawar yana bin ta gefen dawa. Na faɗa ciki na saki birki na cire giya, amma ba halin tayar da ita, don sai na tsaya a gaba na juya handil, kuma ko ta tashi a juyi na farko ko a na goma, Allah kaɗai Ya sani. Sai dai a tura. Tayoyi sun nutse cikin ciyawa, ga waigin da na sa da hannuna ya riƙe ta gam. Mazan da ke wurin ba su fi goma ba, sauran suna gona, kuma duk sun yi kan dawa, kowa ya rungumi dami yana ja. Ba laifinsu ba ne, abincin 'ya'yansu ne. Ni na san abin da ba su sani ba, cewa tankin fetur na nan baya daidai inda wutar take, amma nan ma ban faɗa ba.

Sai na ji muryar kakanku. Ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba, kafin ranar ko bayanta.

"Ku bar dawa. Ku zo nan."

Ƙaninsa ya tsaya da dami a hannu.

"Yaya, abincinmu ne fa."

"Namu ne, shi ya sa na ce ku bar shi. Wannan ta mutane ce, a ƙofata take."

Ya shiga cikin hayaƙin da farar rigarsa, ya sa ƙafa ya ture waigin, ya dafa bayan motar da tafukansa biyu. Ƙarfen ya riga ya yi zafi. Da mutane suka ga tsoho a wurin, sai suka saki dammunan ɗaya bayan ɗaya suka zo. Ina riƙe da sitiyari ina jin salatinsu da nishinsu, motar ta yi gaba ta dawo, ta yi gaba ta dawo, a na uku ta fita daga ciyawar ta gangara zuwa filin rijiya. Aka watsa wa ƙarƙashinta ƙasa. Ban da fenti da ya kumbura a baya, ba abin da ya same ta.

Da na waiwaya, wuta ta riga ta kama dawa. Ban taɓa ganin abu mai ban tsoro da girma irin wannan ba. Da rana tsaka ce, amma hasken wutar ya rinjayi na rana. Ƙwayar dawa na fashewa kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano, ganyen durumi na naɗewa, tsuntsaye na tashi. Mata suka yi layi daga rijiya da tuluna, maza suka sare dangar gidan don kada ta shiga cikin ɗakuna, kuma da ikon Allah ba ta shiga ba. Amma noman damina guda, tun daga huɗa har girbi, mun tsaya muna kallo ya zama toka kafin la'asar. Abin da aka tsirar bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kakanku na tsaye, tafukansa sun tashi, gefen rigarsa ya cinye, yana kallo. Ni dai shi nake kallo, ba wutar ba. Bai san fetur ba, bai san tanki ba, bai san cewa turawar nan ta ceci har gidansa ba. Abin da ya sani kawai, kayan wani ne ya zo ƙofarsa ta hannun mijin 'yarsa.

Da wuta ta lafa mutane suka fara juyowa gare ni, ina jin ƙunƙuni na tashi. Wani ya ce shi direba bai san halin abarsa ba ne? Kafin in buɗe baki, kakanku ya ɗaga hannunsa da ya ƙone.

"Ni na yi shimfiɗa, ni na nuna masa wuri. Yaro ya bi maganar babba, ina laifinsa? Tsufa ne da ƙauyanci, na ɗauka abar nan doki ce."

Wasu suka yi 'yar dariya cikin baƙin ciki, maganar ta mutu a nan. Kun ga inda labarinku ya samo asali. Daga bakinsa ya fito, shi ya ƙirƙira wa kansa wautar da ba tasa ba, ya yafa mini ita kamar bargo.

Sai bayan an haifi yayarku, na je suna, ya aika aka kira ni bayan gida inda yake gyaran rumbu. Rumbun kusan wayam yake. A shekarar gidan nan sun ci tuwon garin rogo har sun manta ɗanɗanon na dawa, ya sayar da bijiminsa guda, kuma mutumin da ya saba rabar da zakka shi aka kawo wa. Na durƙusa nesa da shi. Bai dube ni ba, ya ci gaba da aikinsa da hannuwan nan masu tabo.

"Ɗan Kudan, zan tambaye ka abu ɗaya. Ranar nan, ka san ciyawa za ta kama?"

Na sunkuyar da kai.

"Na sani, Baba."

"Na ga haka a fuskarka tun kafin ka hau. Na ɗauka gajiya ce. Me ya hana ka faɗa?"

"Kunya, Baba."

Ya ajiye aikin da yake yi. Sannan ya ce:

"Da ka faɗa mini, da na ji kunya ta yini ɗaya. Yanzu ga shi muna cin kunyarka shekara guda. Abin da ka sani ban sani ba, a nan kai ne babba, ko a gaban wa. Kada ka sake yi wa wani irin wannan ladabin."

Na ce zan je in faɗa wa Alhaji da mutanen gari gaskiya. Ya ce a'a. In Alhaji ya ji na sani na hau, zai karɓe motarsa, kuma ba mai sake ba ni tuƙi. In gari ya ji, 'yarsa za ta zauna da mijin da ake nunawa da baki. Shi kuwa tsoho ne, dariya ba ta rage masa komai. Ya ce in riƙe bakina muddin yana raye. Daga nan ya ce in tashi in je in ci abinci, kada ya huce.

Muddin yana raye ya ce. Ya rasu tun kafin a haifi autanku, ni kuwa na ci gaba da yin shiru, domin shirun ya yi mini daɗi. Na tuƙa mota shekaru masu yawa ban taɓa ko buge akuya ba, ana kirana direban da ba ya kuskure, ina amsawa. Innarku kaɗai na gaya wa, ita ma sai a ciwonta na ƙarshe. Ta dube ni ta ce ta daɗe da sani, jira take ta ga yaushe zan gaji da ɗaukar kayan.

Kun sha yi mini tsiya cewa ko a kan kwalta aka tsaya sai na sunkuya na leƙa ƙarƙashin mota, kuma na taɓa sa wani babban mutum ya matsar da motarsa daga kan ciyawa a gaban jama'a har kuka ji kunya. To yanzu kun san dalili. Ban hana ku ba da labarin shimfiɗar ba, ku ba 'ya'yanku ma. Amma in kun zo wurin dariya, ku sa sunana a wurin. In kun zo kan kakanku kuwa, ku faɗi abin da ya ce da wuta ta tashi, sannan ku yi masa addu'a.